Yaya dalar nauyi take kifewa a ruwa, ta makamashi kuma ba ta kifewa?

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ni ɗalibar aji biyu ce a babbar sakandare, kuma kwana huɗu ke nan wani abu a darasin halittu da muhallinsu ya tsaya mini a rai.

Sarƙar abinci na gane ta. Fara ta ci gero, ƙadangare ya ci fara, shaho ya ci ƙadangare. An koya mana cewa kusan kashi 10 cikin 100 na makamashi ne kawai ke hawa mataki na gaba, sauran ya tafi a numfashi da zafin jiki da abin da ba a ci ba. Idan gero na da kilojul (ma'aunin makamashi) 10,000, fara ta sami 1,000, ƙadangare 100, shaho 10. Wannan ita ce dalar makamashi, wato zanen matakai mai faɗi a ƙasa da tsini a sama. Kifewar dalar adadi (yawan halittu a kowane mataki) ma ba ta ba ni wuya ba, tunda tsamiya guda tana ciyar da dubban ƙwari.

Inda na maƙale shi ne ruwa. Littafinmu ya ce a teku nauyin ƙananan tsirran da ido ba ya gani yakan gaza na ƙananan dabbobin da ke cin su, wato dalar nauyi ta kife, amma dalar makamashi ba ta taɓa kifewa. To ta yaya kaɗan zai ciyar da mai yawa? Na yi tunanin ko don tsirran suna hayayyafa cikin 'yan kwanaki ana cinye su nan take, shi ya sa awon rana ɗaya ke nuna su kaɗan. Sai dai na kasa mayar da wannan tunani zuwa lissafi.

Don Allah wani ya warware mini da lambobi, kuma ya faɗa mini ko hakan na faruwa a tafki irin na Chadi.