Tsatsa ta cinye ƙasan Golf 3 ɗina, in gyara ko in rabu da ita?

Baban Khalifa

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu sanin mota ku ba ni shawara don wlh abin nan ya tsaya min a rai. Ina da Golf 3 ƙirar 1996, shekara shida kenan tana hannuna, a wajen wani abokin aikina na saye ta kuma ya ce ta Kwatano ta shigo, kuma tsakani da Allah injin bai taɓa ba ni kunya ba, da ita nake kai yara makaranta in wuce wajen aiki, ƙarshen wata mu je gida gaida tsofaffi. To satin da ya wuce taya ta yi faci a hanyar Zariya, na sa jak a inda na saba sawa ina ɗagawa sai na ji ƙarfen yana wani ƙara, kafin in ankara kan jak ɗin ya shige cikin bodi, ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofa ya ruɓe yana zubowa kamar garin jar ƙasa. Da na dawo gida na ɗaga kafet na wajen ƙafar direba sai ga soson da ke ƙasa jiƙe sharkaf, ga rami da yatsa biyu za su shiga ana hango ƙasa ta ciki.

Ban da wannan tun da damina ta faɗi take min wasu halaye, wani lokacin in murɗa ki ta yi shiru sai na jijjiga kan batir, fitilar baya idan na taka birki sai sigina ta kama tare, ga allurar zafi tana hawa idan muka shiga go-slow. Wani fanel bita ya ce in kawo ya cike da fila ya fesa baƙin fenti kwana biyu an gama, wani kuma ya ce in yi maza in sayar tun ana kallonta da kyau. Ni kuma ba ni da kuɗin wata motar a halin da ake ciki. Ya zan yi?

Usta Mai Walda

Wa alaikumus salam Malam. Farko dai kar ka yarda da maganar fila ɗin nan ko kyauta za a yi ma. Fila don gyara lotsawa aka yi ta, a shafa siriri a goge a yi fenti, ba ta ɗaukar nauyi kuma tana shan ruwa, in ka toshe rami da ita tsatsar tana nan tana ci ta ƙarƙashi, damina ɗaya za ka ga fentin ya kumbura ya tsage. Shi kuma wannan dogon ƙarfen na ƙasan ƙofa ba ado ba ne, ƙananan motocin nan ba su da shasi daban irin na Hilux, bodin ne shasin gaba ɗaya, shi ke riƙe motar kar ta lanƙwashe, in Allah ya kiyaye aka buge ka ta gefe shi ne zai tare.

Abin da za ka yi ka kai ta inda akwai rami, ka shiga da kanka da tocila da sukundireba, kar ka tsaya a sama ana ba ka labari. Ka riƙa caka ƙarfen da ɗan ƙarfi, mai lafiya zai yi ƙara ƙwal-ƙwal, ruɓaɓɓe kuwa za ka ji ya yi laushi ko ya huje. Wurare uku nake so ka fi dubawa, inda shakazoba ta gaba take ɗaure a sama in ka buɗe bonet, da inda aksul ɗin baya ya kama bodi, da inda kujera da bel suke ɗaure a ƙasa. In waɗannan suna da ƙwari to motarka tana gyaruwa, ramin ƙasan ƙafa da gefen ƙofa aikinmu ne na kullum, a yanke ruɓaɓɓen duka har sai an iso ƙarfe mai haske, a yanko sabo mai kaurin da ya dace ko a samo yankan wata Golf ɗin a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, a yi walda zagaye ba ɗigo huɗu ba, a shafa jan fenti na hana tsatsa ciki da waje sannan a bi da baƙin kwalta na ƙasan mota. In kuwa tsatsa ta kama wajen shakazoba ko aksul, gaskiya ban ba ka shawarar zuba kuɗi ba, na sha ganin an yi faci kan faci alaimen ya ƙi zama, taya tana cinyewa gefe ɗaya.

Kuma duk wanda zai yi ma walda ka tsaya a kansa ya cire kan batir, ya fitar da kafet da soson nan gaba ɗaya, ya kula da layin mai da wayoyin da suka bi ta ƙasa. Tankin Golf 3 na roba ne, wuta ba ta wasa da shi.

Ɗan Hambug

Malam Baban Khalifa sannu da wannan jarrabawa. Ni ina zaune a Jamus shekaru da dama, bari in gaya ma inda ciwon ya samo asali, don mutane da yawa a gida suna ɗauka daminar mu ce ke cin motocin nan. Yawanci da cutarsu suke zuwa. A nan lokacin sanyi gishiri ake watsawa a kan titi don ƙanƙara ta narke, wata uku wata huɗu mota tana tafiya cikin ruwan gishiri yana fantsama yana maƙalewa a kowane lungu na ƙasanta, kuma ruwan gishiri ya fi ruwan sama saurin cin ƙarfe nesa ba kusa ba. Motar da ta yi sanyi goma sha biyar a haka ka san abin da ta sha.

Sannan a nan duk shekara biyu dole mota ta je gwajin lafiyar mota da ake kira TÜV, su ɗaga ta sama su bubbuga ƙasan, in suka ga tsatsa ta huda wajen da ke ɗaukar nauyi ba za su ba ka sitika ba, kuma kuɗin aikin walda a nan sai ya fi kuɗin tsohuwar motar, shi ya sa mai ita sai ya sayar wa masu fitarwa waje da arha, a loda a jirgin ruwa a Antwaf ta Beljiyam ko a nan Hambug sai Kwatano. Can a wanke a fesa baƙi a ƙasa a goge bodi, mu kuma mu ce sabuwa ce 'yar Beljiyam. Ba duka ba ne, akwai masu kyau sosai musamman waɗanda suka fito daga wuraren da ba a cika ƙanƙara ba, amma Golf 3 ko a nan an san ta da tsatsa, gefen ƙofa, ƙofar but wajen lamba, bakin tankin mai, ƙasan fenda ta gaba. Daga 1991 zuwa 1997 aka yi ta, da Golf 4 ta fito a 1997 sai kamfanin ya lulluɓe bodin duka da sinadarin zinc har ya ba da garantin shekara 12 a kan hujewar tsatsa, shi ya sa za ka ga Golf 4 ta tsufa injin ya gaji amma ƙasan da sauransa.

Abin da ya taimake ka shi ne arewa busasshiya ce, da a Legas motar nan take kusa da iskar teku da tuni an wuce wannan maganar.

Injiniya Sani Wayarin

Oga duk matsalolin wutar da ka lissafa ni a ganina abu ɗaya ne da tsatsar, ba aljanu ba ne kuma kar wani ya ce ma birenbos ne, wato kwamfutar injin, ka je ka kashe kuɗi. Wutar mota ta jikin bodi take komawa batir, duk inda aka ɗaure wayar at, wato wayar da wuta ke bi ta koma, a jikin ƙarfe in wajen ya yi tsatsa wuta sai ta nemi wata hanya, shi ya sa kana taka birki sigina na kamawa, at ɗin fitilar baya ne ya mutu. A kwance a goge da samfefa har ya yi haske a ɗaure a shafa giris, haka kan batir da babbar wayar da ta tafi jikin giyabos.

Amma tambayar da ba wanda ya yi ita ce ta ina ruwan ke shiga har kafet ya jiƙe? In ba a gano wannan ba ko an yi walda za a koma gidan jiya. Buɗe bonet ka cire robar da ke ƙasan gilashin gaba wajen waifa, akwai kwari a wurin mai ƙofofin zubar ruwa a gefe da gefe, in kana ajiye mota ƙarƙashin darbejiya ganye da ƙura suna toshe su, ruwa ya taru ya gangara ciki, kuma a Golf 3 birenbos ɗin a cikin kwarin nan yake zaune, akwatin fis kuma yana ƙasan sitiyari daidai inda ruwan ke bi. Haka ƙasan kowace ƙofa akwai 'yan ramuka, ka zura waya ka buɗe su. Sannan ka shinshina soson, in ka ji wani ƙamshi mai zaƙi-zaƙi ko ruwan lagireto yana raguwa ba ka ga inda yake zuba ba, to ƙaramin lagireton hita ne da ke cikin dashbod ya fashe, sananniyar matsala ce a motar, mu nan da ba mu damu da hita ba sai a haɗe tiyo biyun a waje a huta.

Zafin da take yi kuma ina tambaya, me kake zubawa a lagireto? In ruwan rijiya ko na bohol ne zalla to ita ma tsatsar ce ta ciki, buɗe murfin da safe injin na sanyi in ka ga ruwan ja kamar shayi ka san hanyoyin sun fara toshewa. Kulan, wato ruwan lagireto mai launi da ake sayarwa, ba don sanyin Turai kaɗai aka yi shi ba, akwai maganin tsatsa a ciki. A wanke a zuba shi, kar a gauraya mai launin shuɗi da mai ruwan hoda. Ka sa a duba robar nan da tiyo ke shiga a gefen kan injin, tana tsagewa in ta tsufa, da ko fanka na tashi da kanta.

Maman Iman

Ni dai abu ɗaya zan ƙara Yaya, ka sa a duba bututun birki. Fijo 206 ɗina haka aka yi, muna ta fama da tayoyin baya da suka karkace saboda boris ɗin aksul ya ci, ashe siririn bututun man birki da ya bi ta ƙasa shi ma ya ruɓe ba wanda ya lura, ranar da ya fashe ina saukowa daga gada da yara uku a baya na taka birki ya tafi ƙasa gaba ɗaya, hanbirki da ikon Allah ne suka tsayar da mu, har yau in na tuna jikina rawa yake. Bututun ba shi da tsada ko kaɗan in ka kwatanta da abin da zai iya jawowa. Tunda har jak ya shige bodin taka to shi ma shekarunsu ɗaya a cikin gishirin nan.

Kuma shawarar da aka ba ka ta a fesa baƙi a sayar, dan Allah kar ka bi. Wanda zai saya shi ma mai iyali ne irinka, kuma ka san hadisin da ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. In sayarwar ce ka nuna masa ramin da idonsa ku yi ciniki a kan haka.

Garba Golf

Ni Kano zuwa Katsina nake yi da irin motar nan shekara da shekaru, mu abin da muke yi duk farkon damina a fesa mata baƙin mai a ƙasa, kuma ban ga ta huje ba.

Usta Mai Walda

Malam Garba baƙin mai yana ɗan korar ruwa ban musa ba, amma yana kumbura bushin da duk wata roba da ya taɓa, ga shi yana kama ƙura ta zama laka ta manne, in ya kai ga birki kuma wata masifar ce. Kuma ga wanda tasa ta riga ta huje ba abin da zai ƙara masa, ni ma wahala yake ba ni don sai na wanke shi tas kafin in kusanto da wuta. Gara a wanke ƙasan da ruwa mai ƙarfi bayan an bi taɓo, a bar ta ta bushe a rana.

Baban Khalifa

Na gode ƙwarai Allah ya saka wa kowa da alheri. Yau da safe na kai ta rami na shiga da kaina kamar yadda Usta ya ce, wajen shakazoba duka biyun da ƙwari alhamdulillah, aksul ɗin baya gefen dama akwai tsatsa amma sukundireba bai shiga ba, gefen ƙofar direba ne ya tafi kusan rabi, ɗaya gefen ma ya fara. Injiniya gaskiyarka, kwarin ƙasan gilashi cike yake da ganyen darbejiya har ya zama taki, mun kwashe mun zuba ruwa ya wuce. Hajiya bututun birki na baya ya yi ƙuraje sosai na ce a canja shi gobe kafin komai, motar tana garejin ban dawo da ita ba. Waldar sai albashi ya shigo, gefen direba tukuna. Usta in an samo yankan wata Golf ɗin a Ƙofar Ruwa ta yaya zan gane shi ma ba ruɓaɓɓe ba ne ta ciki tunda duk daga can suka zo?