Wai Hanyoyinmu Sun Fi Na Amurka Aminci?

Zauren zumuncin 'yan gida, Sakkwato. Daren Asabar, bayan isha'i.

Buhari: Salamu alaikum 'yan gida. Ga wani abu da aka turo mini, ku taya ni gani. A Amurka haɗarin mota yana cin rai wajen 40,000 duk shekara. Mu nan, alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ba su cika wuce 5,000 zuwa 6,000 ba. Kullum ana zaginmu, wai ba mu iya tuƙi ba, wai hanyoyinmu duk ramuka. Ashe masu kwalta sumul sun ninka mu kusan sau takwas. Hanyoyinmu sun fi nasu aminci, magana ta ƙare.

Kawu Altine: Wa alaikumus salam. Buhari, mi kaka hwaɗi haka da darenga? Gobe Lahadi, zo in ɗauke ka zuwa kasuwar Illela, ka zauna gaba, in mun dawo ka maimaita zancenga.

Buhari: Kawu ba ni na faɗa ba, lamba ce ta faɗa. Lamba kuwa ba ta ƙarya.

Yaya Sambo: Lambobin nan biyu ba ƙirƙirar su aka yi ba, haka suke a rubuce. A 2021 Amurka ta rasa kusan mutum 43,000 a kan hanya. Sai dai ba a kwatanta ƙasa da ƙasa da jimla kawai. Gidan mutum hamsin ya fi gidan mutum goma yawan zuwa jana'iza, ba don ya fi shi cuta ba. Abin da ake yi shi ne a duba cikin kowane mutum 100,000 nawa suka mutu. Amma don Allah, ko an yi hakan Buhari ke gaba, domin Amurka tana da mutum kamar miliyan 330, mu kuma mun haura miliyan 200. Ratar ba ta kai sau takwas ba.

Buhari: Kun ji ko? Malamin lissafi da kansa ya sa hannu.

Yaya Sambo: Ban gama ba, ƙanena. Ɗauki 2016. A shekarar an rubuta mutuwar mutum 5,053 a hanyoyin Nijeriya, yawanmu kuma ana ƙiyasta shi miliyan 186. Raba ka gani, 2.7 ke nan cikin 100,000. Ka san Suwidin nawa take da shi a shekarar? 2.8. Suwidin ɗin da majalisarta ta ɗauki ƙudiri tun 1997 cewa kada rai ko ɗaya ya salwanta a kan titi, suka bi hanyoyinsu suna sa shinge tsakanin masu tafiya da masu dawowa. To in ka yarda da 5,000 ɗin nan, ka yarda hanyar Tureta zuwa Talata Mafara ta ɗara ta Suwidin. Ni idan ɗalibi ya kawo mini amsa irin wannan ba na cewa ya gano sabon abu, cewa nake ya koma ya duba inda ya kwafo lambar.

Kawu Altine: Awo Sambo, nan ka zo wurin. Bari in ba ku abin da nig gani da idona. Shekarun baya, lokacin albasa, wata babbar mota ta wuce ni, buhunna har sama, mutane kuma zaune bisa buhunnan. Ba mu yi nisa ba tayar gaba tah hwashe. Da munka iso mun iske albasa ta cika kwalta, takalma warwatse. Gawa bakwai munka jera gindin wata bedi. Huɗu daga ciki mutanen ƙauyen da ke kusa na. Kahin awa guda 'yan'uwansu sun zo da amalanken shanu sun kwashe su, kahin la'asar an yi musu sutura. Da ma'aikata sunka iso, uku sunka iske, uku sunka rubuta. Kuma ba laihinsu na ba, abin da sunka gani shi za su rubutawa. Mu kuwa ba mu barin mamaci shi kwana don jiran biro da takarda.

Gwaggo Hajjo: Allah shi jiƙan musulmi.

Anti Nana: Amin Gwaggo. Abin da Kawu ya faɗa rabi ne, ɗaya rabin yana wurinmu a asibiti. Ƙa'idar da yawancin ƙasashe suke bi ita ce, duk wanda ya rasu cikin kwana 30 bayan haɗari, a lissafin haɗarin yake. Wannan kuwa sai in akwai mai bin sawun majinyaci. Akwai wani yaro ɗan kabu-kabu da aka kawo mana, cinya ta karye, kai ya bugu. Yana magana, har yana tambayar ina babur ɗinsa. Kwana uku kuɗi suka ƙare, ga hoton kai da aka rubuta ba a yi ba, iyayen suka sa hannu suka ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori. Bayan wata biyu na haɗu da mahaifiyar a gidan suna, na tambaye ta mai jiki. Ta ce ai bai yi sati biyu a gida ba. A littafinmu abin da ke rubuce shi ne an tafi da shi. A unguwarsu kuma cewa za a yi jinya ya yi. Babu inda sunansa ya shiga cikin 5,000 ɗinka, Buhari.

Anti Nana: Ko manyan ƙasashen ma ma'auninsu ba ɗaya ba ne. 'Yan sandan Japan, lambar da suka fi bayarwa ta waɗanda suka mutu cikin awa 24 ce, ta kwana 30 daban suke fitar da ita. Wanda bai sani ba sai ya jera ta da ta wata ƙasa ya ce ya kwatanta.

Buhari: Allah ya jiƙansa. To Anti, in ba 5,000 ba ne, nawa ne? Kowa yana ta ba da labari, ni dai lamba na kawo.

Yaya Sambo: Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2018, ta ƙiyasta cewa a waccan shekarar ta 2016 mun rasa kusan 40,000. Wato 21.4 cikin 100,000. Amurka 12.4.

Baffa Ladan: Tsaya nan, ɗana. Tun ɗazu ina karantawa ban sa baki ba. Ka ce "ta ƙiyasta". Wa ya zo ya ƙirga? Mutum yana zaune a hedkwatarsu ta Janiba cikin sanyi, bai san Kwannawa ba, bai san Achida ba, ya buga kwamfuta ya ce mutanenku 40,000 sun mutu. Hukumarmu ta FRSC da aka kafa tun 1988, wadda ma'aikatanta ke tsaye cikin ranar Sakkwato suna ɗaukar gawa da hannunsu, ita ce za a ƙaryata? Na yi shekara 35 ina aikin gwamnati, na san yadda ake dafa alƙaluma idan ana neman tallafi. Duk abin da ya shafi Afirka sai an ƙara masa gishiri.

Yaya Sambo: Ranka ya daɗe Baffa, ban musa ba, ƙiyasi ne, babu wanda ya ƙirga. Amma ku duba dalilin. Ƙasar da ke rubuta kowace mutuwa da sanadinta, daga rajistarta ake ɗaukar lambar. Ƙasar da ba ta yi, ita ake yi wa lissafi: a duba yawan jama'a, da arziki, da yawan ababen hawa, da halin asibitoci, a auna da ƙasashen da ke da rajista. Mu a rukuni na biyu muke. Cikin gidan nan namu, tsofaffi nawa muka binne, nawa aka karɓar wa takardar mutuwa? Ni dai na san ta Baba kaɗai, ita ma don kuɗin fansho aka nema. Kuma ba a ƙaryata hukumarmu ba. Ita tana ƙirga haɗarin da ta halarta ne, ba duk wanda ya faru tsakanin Gudu da Kebbe ba.

Baffa Ladan: To ai ko miliyan 186 ɗin da kake raba wa ƙiyasi ne. Rabonmu da ƙidaya tun 2006. Ƙiyasi bisa ƙiyasi, sannan ka kawo mana har da ɗigo huɗu.

Yaya Sambo: Wannan kam kun kama ni, Baffa. Ɗigo huɗun ado ne. Ni ma ba zan rantse a kan 40,000 ba. Zai iya zama 30,000, zai iya wuce haka. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya a rahoton 2023 ta sauko da mu zuwa wajen 17 cikin 100,000, Amurka kuwa in ka raba 43,000 ɗin nan da yawan jama'arta, wajen 13 ce. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne ba 5,000 ba ne.

Buhari: Yauwa! 17 da 13 ai duk kanwar ja ce. Da kuɗinsu da jirgin ɗaukar majinyaci da komai, ɗan wannan ne kawai tsakaninmu? Ashe ban yi nisa da gaskiya ba.

Anti Nana: Daga "mun fi su sau takwas" an dawo "ba su fi mu sosai ba". Sannu da sauka.

Yaya Sambo: A nan yana da 'yar gaskiya, kada a danne masa. Amurka ba abin koyi ba ce a wannan fanni, cikin ƙasashe masu arziki tana can baya. Birtaniya, mai mutum kamar miliyan 67, ba ta kai 2,000 a shekara. Wanda ya haɗa saƙon nan ya san abin da yake yi da ya zaɓi Amurka. Amma ma'aunin yawan jama'a yana yi mana sassauci, domin ana raba wa har da tsohuwar da rabonta da shiga mota tun aikin hajji. Gwada da ababen hawa. Amurka tana da kamar miliyan 280 masu rajista. Mutum 40,000 cikin wannan, kamar 14 ke nan a kowace mota 100,000. Mu a 2016 masu rajista ba su cika miliyan 12 ba. Ko da 5,000 ɗinka aka yi, an haura 40. Sau uku ke nan, da lambarka, ba ta Janiba ba.

Dikko: Yaya Sambo a nan zan shigo. Miliyan 12 ɗin nan ba da mu aka ƙirga ba. Je ka tsaya Dandima ko bakin Kara da safe, ka ƙirga baburan da ke da lamba da waɗanda ba su da ita. Nawa babur ɗin ya shekara yana aiki kafin in yi masa takarda. Ga agwagwa da buje ko'ina. In ababen hawan sun fi haka yawa, ai lissafinka ya faɗi.

Yaya Sambo: Ya ragu dai, bai faɗi ba. Na ba ka kyauta, ninka su biyu, miliyan 24. Ya zama 21. Har yanzu ya fi 14, kuma da lambar da muka riga muka ce ba ta cika ba. Hasali ma abin da masana suka fi yarda da shi shi ne nisan tafiya, wato mutum nawa ke mutuwa a kowace kilomita biliyan ɗaya da aka tuƙa. Shi ne ke gaya maka haɗarin da ke kanka idan ka hau hanya. Ba'amurke kusan komai da mota yake yi, aiki, kasuwa, kai yara makaranta. Su suna da wannan lissafi. Mu wa ke tattara shi?

Kawu Altine: Ni agogon tahiya na motata ya mutu tun zamanin Obasanjo. In sun zo tambaya sai dai in ce musu Illela da dawowa, sau biyu in kasuwa ta yi kyau.

Dikko: Kawu, da mutum nawa a ciki? Gaba biyu, baya huɗu, but biyu?

Kawu Altine: Kai yaro, sayi man lita guda da kuɗinka sannan ka zo mu yi zancen lodi. Amma gaskiya ta, shi ya sa namu haɗarin guda ɗaya shika kwashe gida guda. Can mutum shi kaɗai cikin motarshi da bel ɗaure.

Anti Nana: Ni kuma akwai abin da ke ɗaure mini kai. Tankar man da ta faɗi a Majiya ta Jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, mutum sama da 150 suka ƙone, yawancinsu ba a cikin mota suke ba, ɗibar mai suka je. Su a wane littafi za a sa su, na haɗarin hanya ko na gobara? Duk inda aka sa su, lambar shekarar ta canza.

Gwaggo Hajjo: Ni duk lissahinku ban gane ba. Buhari ya ce aminci. Wanda anka tare hanyar Sabon Birni ko ta Isa, shi ba bisa hanya yam mutu ba? Kowa dai da ajalinai.

Yaya Sambo: Haka ne Gwaggo, sai dai wannan ba ya cikin lissafin kowace ƙasa, a ɓangaren tsaro ake sa shi.

Baffa Ladan: Ni har yanzu ban karɓi 40,000 ba. Amma na yarda huɗun da Altine ya gani an kwasa da amalanke ba su cikin fayil ɗin kowa. Sambo, gobe ka zo gida da takardunka, ina so in ga yadda suka yi lissafin da idona.

Yaya Sambo: In sha Allahu bayan la'asar, Baffa.

Buhari: To na ji. Amma na riga na tura shi zaure huɗu, har wani ya sa a Facebook.

Anti Nana: Sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya.

Buhari: Zan goge na zauren 'yan kasuwar waya, sauran su ji da kansu. Kuma maganar 17 da 13 ban janye ba.

Gwaggo Hajjo: Ku bar wanga zance haka nan. Wa ka kai ni Bodinga suna jibi? Ban da Dikko da babur ɗinai.

Kawu Altine: Ni ka kai ki, Yaya. Ki shirya ƙarhe bakwai, gaba ke ɗaya.