Danfodiyo ko ABU: ina ya fi dacewa in karanta injiniyancin lantarki?

Ɗalibi daga Mabera:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na rubuta jarrabawar JAMB ta bana, kuma Allah Ya ba ni sakamako mai kyau. Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya na cike tun farko, domin tun ina sakandare sunanta nake ji a bakin malamanmu duk lokacin da aka yi zancen injiniyanci. To amma mahaifina, wanda girma ya fara kama shi, ya nuna mini cewa hankalinsa zai fi kwanciya idan na canza zuwa Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke nan garinmu Sakkwato kafin a rufe damar canjin. Bai tilasta mini ba. Burina shi ne in ƙware a harkar wutar sola, saboda haka nake roƙon shawararku.

Injiniya, tsohon ɗalibin Samaru:

Wa alaikumus salam, ƙanena. A Zariya na yi karatu, a harabar ABU da ke Samaru, kuma ba zan ɓoye maka cewa zuciyata tana can ba. An kafa ABU a 1962, tsangayarta ta injiniyanci kuwa ta daɗe tana yaye ɗalibai, shi ya sa da wuya ka shiga wata ma'aikatar ayyuka ko kamfanin wuta a Arewa ba ka tarar da ɗan Samaru ba. Amfanin wannan yana fitowa ne a shekara ta 4, lokacin da ɗalibi zai fita aikin koyo na SIWES na wata 6, yana neman wanda zai karɓe shi ya koya masa aiki da gaske.

Duk da haka, kafin ka dubi suna, ka bincika ko hukumar NUC mai kula da jami'o'i da majalisar COREN mai kula da aikin injiniyanci sun amince da sashen da kake so, domin kwas-kwas ake tantancewa, ba jami'a ɗungurungum ba. Wanda ya gama a sashen da COREN ba ta amince da shi ba yakan sha wahala idan ya zo yin rajista a matsayin injiniya.

Malami daga Runjin Sambo:

Ɗana, abin da Injiniya ya faɗa gaskiya ne, sai dai kalmar sola da ka ambata ita ta tsayar da ni. Tsangayar injiniyanci ta Danfodiyo ba ta kai ta Zariya shekaru ba, amma Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato tana cikin jami'ar, kuma hasken rana shi ne babban abin da take aiki a kai. Ga kuma masana'antar siminti a Kalambaina, inda ɗalibin lantarki zai iya neman ganin manyan injuna da idonsa.

Ka kuma zauna da mahaifinka ku yi lissafin shekara 5: masauki, abinci, da kuɗin mota ta Gusau da Funtuwa a kowane hutu, a hanyar da iyaye ba sa samun barci sai yaro ya kira ya ce ya sauka. Zaman gida ma yana da nasa nauyin, wanda ba a cika faɗa ba. Daga Mabera zuwa mazaunin jami'a na dindindin tafiya ce ta kullum, aikin ɗakin gwaji yakan kai yamma, sannan ɗan da ke gida shi ake aike. Idan ka zaɓi Sakkwato, ka nemi ɗaki a makaranta, ka riƙa zuwa gaida Baba ranar Juma'a. Ni da ɗana ne, nan zan ce ya tsaya.

Ɗalibi daga Mabera:

Na gode, Allah Ya saka da alheri. Ranar Litinin zan je sashen lantarki in tambayi matsayin tantancewarsu, in kuma roƙi a nuna mini ɗakunan gwaji. Yaya Injiniya, ko ɗalibin Danfodiyo zai iya yin SIWES ɗinsa a Kaduna ko Kano?

Injiniya, tsohon ɗalibin Samaru:

Zai iya, muddin wurin ya karɓe shi kuma ofishin SIWES na jami'arsa ya amince. Ka fara neman wurin tun kana shekara ta 3.