Kurangar inabin Baffa ta tsufa: in sare ta ko in bar ta?

Ɗan Runjin Sambo:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nike nema, maganar ta tsaya mini a rai.

A gidanmu akwai kurangar inabi da Baffa, Allah shi jiƙan shi, ya dasa tun ban shiga firamare ba, yau shekara talatin da 'yan kai. Gindinta ya kai kaurin cinyata, ɓawon na ɓarewa zare-zare, ita ta rufe rumfar da Inna ke zama da la'asar tana tsinkar zogale. Sa'adda munka taso har maƙwabta ake kai ma a kwano. Bana nono goma sha ɗaya kacal na ƙirga, 'ya'yan ƙanana kamar na magarya. Yayana ya ce ta gama aikinta, a sare ta a dasa irin na kasuwa mai manyan 'ya'ya.

To ni abin da ya hana ni ɗaukar gatari shi ne ɗanɗano. Inabin da ake saye cikin roba ruwa ne da zaƙi, kana haɗiyewa ka mance. Wagga kuwa, in ka fasa ƙwaya ɗaya a baki, tsami ke fara tarbarka, sannan zaƙi mai nauyi irin na dabinon da ya kwana cikin buhu, ɓawon ya bar ɗan bauri a dasashi. Har ka sha ruwa ƙamshin na nan a maƙoshi. Ban san sunan irin ba, baƙi ne dai. Shin tsufa ke kawo haka, ko ciwo ne ke cin ta ban sani ba?

Malamin Gona:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, aje gatarin nan tukuna.

Abin da ka kwatanta, a wasu ƙasashe kuɗi ake zubawa a same shi. A Kaliforniya ta Amurka akwai wani baƙin inabi da ake kira Zinfandel, kuma a yankunan Lodi da Sonoma akwai gonakinsa da aka dasa tun wajen 1880 suna ba da 'ya'ya har yau. Yawancinsa giya suke yi da shi, wannan ba ruwanmu, amma halin itacen ɗaya ne ko'ina. In ka ga hotonsu, ba rumfa ba waya, kowace kuranga tsaye da ƙafarta kamar guntun kututture mai ƙulle-ƙulle, da yawansu ma ba a ba su ruwa, saiwa ce ta nutsa ƙasa take nemo wa kanta. Amfanin da suke bayarwa sau da yawa bai kai rabin na sabuwar gona ba, duk da haka masu su ba sa tumɓukewa.

Dalilin ke nan: in 'ya'ya suka yi kaɗan, abincin da ganye ya sarrafa kan 'yan tsiraru yake taruwa. In ƙwaya ta yi ƙanƙanta kuma, ɓawo ya fi yawa a kan ruwa, alhali launi da ƙamshi da baurin nan da kake ji yawanci a ɓawo suke. Ga saiwa mai zurfi, wadda ba ta firgita don an yi sati ba a zuba ruwa ba.

Wani abin sha'awa game da Zinfandel, nononsa ba ya nuna tare. A nono guda za ka tarar da ɗanya mai tsami, da nunanna, da wadda ta riga ta yamutse ta zama zabibi. An daɗe ana zaton ɗan asalin Amurka ne, sai da gwajin ƙwayar halitta ya nuna shi ne Primitivo na kudancin Italiya, a 2001 kuma aka gano asalinsa a gaɓar teku a ƙasar Kuroshiya, cikin wata tsohuwar gona da 'yan gindi kaɗan suka rage. Da mai gonar ya bi shawara irin ta Yayanka, ka ga da an sha wuya kafin a san tushensa.

A Afirka ta Kudu sai kuranga ta kai shekara 35 ake lasafta ta tsohuwa, taku ta zo bakin ƙofa ke nan. A fadar Hampton Court ta Ingila akwai wadda aka dasa a 1768, baƙin inabi na ci, har yanzu ana tsinka ana sayarwa.

Hajiya Maman Biyu:

Ɗana, kafin komai, ka tambayi Inna? Ita ke zama ƙarƙashinta. Mu aka sare mana tsamiya a tsakar gida don za a yi shago, har mahaifiyata ta rasu ba ta daina ambatonta ba. In 'ya'yan sun yi yawan tsami ku bar su su ƙara kwana a sama, inabi ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, ba kamar mangwaro ba. Ku sa musu tsohon gidan sauro saboda tsuntsaye.

Manomin Kwalkwalawa:

Malam ya yi bayani, amma ni zan ɗan ja. Can suna da sanyin da kuranga ke zubar da ganye ta yi barci wata uku ko huɗu. Nan Sakkwato ba ta samun wanga hutu, kullum cikin tsiro take, shi ya sa take saurin gajiya. Kada a ɗora ma tsufa komi. Yaushe rabon da a yi mata aski? Inabi a kan sabon tsiron da ya fito daga reshen bara yake haihuwa, in anka bar rassa sunka cukurkuɗe sai ganye da inuwa. Ka datse ta bayan ɗaukewar ruwa, wajen Oktoba, ka rage ban ruwa kafin nan, sannan ka zuba ruɓaɓɓen takin shanu ka ba ta ruwa sosai, don 'ya'yan su nuna cikin rani kafin zafin bazara ya tsananta. Damina ba lokacinta ba ne, laima ke ruɓar da su.

Ka tona gindin ka duba gara, ita ce babbar abokiyar gabarmu. Rassan da ka datse masu kaurin fensir kuma kada ka zubar, ka yanka da ido uku ko huɗu ka kafa a leda. Yayanka na son sabuwa, to ga sabuwa daga jikin ta Baffa.

Ɗan Runjin Sambo:

Allah shi saka muku da alheri. Gaskiya tun rasuwar Baffa ba wanda ya taɓa mata aski, shekara shida ke nan, ashe shi ke yi da almakashinsa mu ba mu lura ba. Da safen nan na tona gindin, na iske gara ta yi hanya ta gefen bango amma ba ta ci ciki ba, na kankare. Hajiya, na tambayi Inna. Ba ta ce komi ba, ta shiga ɗaki ta ɗauko mini almakashin, naɗe cikin tsumma, ya yi tsatsa wajen ƙusa. Na jiƙa shi da mai, anjima zan kai wa maƙeri ya wasa.