Neman shawara: ɗalibata ta tambaye ni asalin kalmar "worry"

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da Turanci a aji shida na sakandare. Jiya wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, idan na yi worry sai in ji kamar an shaƙe ni. Haka kalmar take nufi?" Aji ya kwashe da dariya, ta sunkuyar da kai, ni kuma na rasa amsa. WAEC ta ƙarato, kuma na lura yarinyar ta rame. Don Allah masana, daga ina kalmar ta samo asali, kuma yaya zan yi mata bayani ranar Litinin?

Wani malamin jami'a: Wa alaikumus salam Malama. Yarinyar nan ta canka daidai. A tsohon Turanci, sama da shekara 1000 da suka wuce, kalmar ita ce wyrgan, wato shaƙewa. Jamusawa har gobe suna cewa würgen da wannan ma'ana. Daga baya aka riƙa faɗinta idan kare ko kyarkeci ya cafki tunkiya a maƙogwaro yana jijjiga ta. Sai a ƙarni na 19 ta zama damuwar zuci. Kalmar anxiety, wato fargaba, ma haka take, daga angere na Latin, matsewa.

Wani ɗan uwa: Ki haɗa musu da kalmar calm, wato natsuwa, Malama. Tushenta kauma ne na Girkanci, zafin rana tsaka, ta biyo ta Italiyanci da Faransanci. Lokacin da rana ta take, iska ta tsaya cak, dabbobi suka fake a inuwa. Yaran da suka san azahar ɗin watan Afrilu ba sa bukatar dogon bayani. Sannan ki tambaye su me ya sa mu muke cewa hankali ya tashi, hankali ya kwanta.

Wata tsohuwar malama: Ƙanwata, duk wannan ilimi ne mai kyau, amma ni ramar nan ce ta tsaya mini a rai. Kada ki sake ɗaga maganarta a gaban aji. Ki kira ta gefe, ki tambaye ta ko tana samun barci, ko tana cin abinci, da abin da ake ciki a gida. Idan shaƙewar tana yawan zuwa mata, ki nemi mahaifiyarta a kai ta asibiti.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. Yaya, zan kira ta tun kafin taron safe, darasin kuma sai bayan tara.