Wai Gotik ɗin nan, salon labaran Turawa masu ban tsoro da ake kafawa a tsofaffin gidaje, me za mu kira shi da Hausa?

Marubutan Gombe da na Bauchi ku matso mu sasanta. Horror dai babu rigima, labarin ban tsoro kowa ya gane, kuma gara a bar shi haka don in aka rubuta shi yadda muke furtawa sai ya koma "horo", mai karatu ya ɗauka littafin tarbiyya ne.

Gotik ne ya ƙi zama. Sunan kansa na aro ne tun can, na wata ƙabila ce da ta fasa birnin Rum a shekarar 410, daga baya aka laƙaba wa tsofaffin majami'un Turai masu tsinin baka, sai wani marubucin Ingila, Horace Walpole, ya fitar da littafinsa The Castle of Otranto a 1764 ya saka kalmar a bugu na biyu, shi ke nan ta bi adabi. To mu me ya haɗa mu da waccan ƙabila da za mu riƙe sunanta?

Wata Yaya a nan ta ce "labarin fatalwa". Yaya ki yi haƙuri, bai kama ba. A The Fall of the House of Usher na Edgar Allan Poe, 1839, ba fatalwa ce ke cin mutane ba, gidan ne da zuriyar suke ruɓewa tare har bango ya tsage ya rufta. "Labarin aljanu" kuma ya riga ya zama na waɗanda muke karantawa a WhatsApp, amarya ta auri aljani da sauransu.

Ni "adabin kango" nake so. Kango ai kun san shi, gidan gado da rabo ya gagara shekara da shekaru, azara ta karye, jemagu a soro, ɗaki ɗaya a garƙame da kwaɗo kuma duk dangi sun san dalili amma ba mai faɗa. Tsoron daga abin da kakanni suka binne yake tasowa.

Wani Malam na Bauchi ya kawo "kufai", kuma wallahi ya fi daɗin faɗa, sai dai kufai gari ne da aka tashi aka bari, ya yi faɗi da yawa, Gotik kuwa yawanci cikin gida ɗaya yake shaƙe ka.

Matsala ɗaya da ban warware ba, gajerun labaran yanzu da yawa a gidan haya ko ɗakin asibiti ake kafa su, bangon lafiyarsa ƙalau da sabon fenti. Shi ma kango za mu ce? Ni na ce e, tunda iyalin ne suka zama kangon. Malam har yanzu bai yarda ba.