Sola ta yi ɗorawa-ɗorawa, wuta kuma ta ragu

Tambaya:
Salam jama'a, fanel ɗina ya fara yin ɗorawa-ɗorawa ta ciki, na wanke gilashin bai fita ba kuma caji ya ragu, meye matsalar don Allah?

Amsa 1:
Ɗan'uwa ba datti ba ne, robar nan ce EVA da ake manne sel (ƙananan faifan da ke juya hasken rana zuwa wuta) da gilashi da ita, zafi da hasken UV (wani ɓangaren hasken rana da ido ba ya gani) ke dafa ta a hankali, in ta rine sai ta tare hasken da ya kamata ya isa sel, dole wuta ta ragu.

Amsa 2:
Gaskiya ne. Kuma in danshi ya shiga tana fitar da asid mai cin wayoyin ciki. POE, wata irin robar mannewa da ake sawa a madadin EVA, ta fi ta jure danshi, ni ita nake nema yanzu.

Mai tambaya:
To ana iya canza robar?

Amsa 1:
Da wuya malam, an riga an gasa su tare.